Hutu a ƙasar waje da juna biyu: makonnin da suka dace, da abin da ke faruwa idan naƙuda ta riga ranar dawowa

Duk matar da cikinta ya fito, idan ta isa gaban ma'aikatan kamfanin jirgi a filin Diori Hamani na Yamai, tana iya cin karo da wata tambaya tun kafin a auna akwatinta: cikin mako nawa ne? A gida da watanni ake lissafi, a ce wata biyar, wata bakwai, ko kawai a ce ya tsufa. Kamfanonin jirage da makonni suke aiki, kuma bambancin kwana uku ya isa a bar mace a ƙasa da tikitinta a hannu.

Tambayar ta shafi ƴan kasuwa masu zuwa saro kaya Istambul ko Dubai, ta shafi masu zuwa Umara. Ta kuma shafi wasu da ake ganin hotunansu a Facebook da TikTok: mata da miji da ke ware mako ɗaya ko biyu su fita waje su huta, su biyu kaɗai, kafin jariri ya zo barci ya yi wuya. Masu jin Ingilishi na kiran wannan tafiya babymoon, kuma Faransawa sun ari kalmar yadda take. Ana danganta ƙirƙiro ta ga Sheila Kitzinger, wata marubuciyar Ingila da ta yi suna wajen rubutu kan haihuwa, a shekarun 1990. Sai dai ita kwanakin bayan haihuwa take nufi, lokacin da iyaye ke keɓewa da jaririnsu, wato abin da ya fi kusa da jego. Daga baya masu otel da masu sayar da tikiti suka juya ma'anar ta koma tafiyar kafin haihuwa.

A ƙasar Hausa ma akwai tafiyar da aka sani da ciki. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki idan watanni sun ja, ta haihu a can, ta yi wanka, sannan ta dawo ɗakinta bayan arba'in. Waccan tafiyar raba ta take yi da miji ta kai ta kusa da masu kula da ita. Ta yanzu kuwa miji take haɗa ta da shi, ta nisanta ta da uwa, da ungozoma, da likitan da ya san tarihin cikin. Uwar mijin da ta ji labari ta ce ba ta yarda ba, ko da ba ta taɓa hawa jirgi ba, wannan nisan take hange, kuma shi ne ainihin abin dubawa. Shi kansa jirgin ba ya kawo ɓari, ba ya tayar da naƙuda ga mai ciki mai lafiya, ƙofar binciken da ake ratsawa a filin jirgi ma ba ta taɓa ɗan da ke ciki.

Daga mako na 14 zuwa na 28

Likitocin mata sun haɗu a kan cewa tsakiyar ciki ne lokacin da ya fi dacewa da tafiya, daga mako na 14 zuwa na 28. A watanni ukun farko laulayi ke da ƙarfi, kuma a cikinsu ne aka fi samun ɓari da cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Tafiya ba ita ke jawo su ba, amma idan suka auku a ɗakin otel a garin da ba a san kowa ba, wahalar ta ninka. Bayan mako na 28 kuma jiki ya yi nauyi, zama ya yi wuya, hawan jinin ciki ya fi bayyana, sannan yiwuwar haihuwar bakwaini na ƙaruwa.

Ana ƙidayar makonnin ne daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe. Shi ne lissafin da ake rubutawa da haruffan SA a karnen awon ciki da takardar ekografi. A ɗauki misalin matar da jininta na ƙarshe ya fara ranar 1 ga Janairu. Za ta cika mako 14 ranar 9 ga Afrilu, ta cika 28 ranar 16 ga Yuli, ta cika 36 ranar 10 ga Satumba, ana kuma sa ran haihuwarta wajen 8 ga Oktoba. Ke nan tana da watanni uku da ƴan kwanaki da za ta zaɓi mako guda a cikinsu. Wadda ba ta riƙe ranar jininta ba, hoton ekografin da aka ɗauka da wuri shi ke ba da lissafin da ya fi kusa da daidai.

Ga ma'aikatan albashi akwai wani ƙulli. Dokar ƙwadago ta Nijar ta ba mace hutun haihuwa na makonni 14, takwas daga ciki bayan ta haihu. Shidan da suka rage suna farawa ne wajen mako na 34, lokacin da tafiyar shaƙatawa ta riga ta wuce. Wadda ke son fita sai ta ɗauka daga hutunta na shekara, ta kuma daidaita shi da na maigida tun da wuri.

Ba kowane ciki ne ya dace da wannan tafiya ba, ko da a tsakiyar yake. Wadda ta ga jini a kwanakin baya, wadda hoto ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, mai hawan jini, mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, wadda ta taɓa haihuwar bakwaini ko ɓarin babban ciki, duk waɗannan likita zai fi son su zauna kusa. Abubuwa biyu sun fi damun matan wannan yanki. Na farko ƙarancin jini. Iskar cikin jirgi kamar ta saman dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400 take, mai isasshen jini ba za ta ji komai ba, amma ƙungiyar likitocin mata ta Ingila na ba da shawarar kada a tashi idan awon jini ya yi ƙasa da giram 7.5. Na biyu amosanin jini, wanda ake kira sikila ko emasi. Ƙarancin iska, sanyi da ƙishirwa duk suna tayar da ciwon, kuma jirgi ya haɗa ukun. Mai wannan lalura, likitan da ke bin ta ne zai yanke hukunci.

Ranar dawowa ake dubawa

Mafi yawan kamfanonin jirage ba sa neman komai kafin mako na 28. Daga nan sai da takardar likita mai nuna makonnin cikin, ranar da ake sa ran haihuwa, ko ɗa ɗaya ne ko tagwaye, da shaidar cewa babu matsalar da za ta hana tafiya. Daga mako na 36 ba a ɗaukar mai ciki, mai tagwaye kuwa daga na 32. Turkish Airlines, da ke zuwa Yamai, a kan wannan tsarin yake. Kowane kamfani na da nasa ƙananan sharuɗɗan, musamman kan yawan kwanakin da takardar ke aiki da harshen da za a rubuta ta, don haka ana karanta su a shafin kamfanin kafin a biya kuɗi, kuma idan tafiyar ta haɗa kamfanoni biyu a karanta na kowanne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne duba ranar tashi kawai. Matar da ta bar Yamai tana da mako 27, ta yi kwana goma, za ta dawo ne a mako na 28 ko fiye. A can za a nemi takardar, a garin da ba ta da likita, ana saura awa biyu jirgi ya tashi. Kuma ma'aikacin jirgi da ido yake fara aiki. Mace mai babban ciki ko mai tagwaye za a iya tsayar da ita tana mako 24, saboda haka riƙe takardar likita yana da amfani ko doka ba ta tilasta ba.

Batun harshe ma abin lura ne. Karnen awon ciki da takardun gwaje-gwajen Nijar da Faransanci ake rubuta su. Likitan Kasablanka, Rabat ko Tunis zai karanta su nan take. Na Istambul ko Dubai kuwa taƙaitaccen bayani da Ingilishi zai buƙata: makonni, rukunin jini, magungunan da ake sha, tiyatar da aka taɓa yi. Wadda rukunin jininta negatif ne ta tabbata an rubuta shi ɓaro-ɓaro, domin idan ta zubar da jini akwai allurar da ake yi mata cikin kwana uku.

Hanyar zuwa Yamai ta fi jirgin wahala

Daga Yamai zuwa Kasablanka tafiyar kimanin awa uku da rabi ce, zuwa Istambul kuma wajen awa shida. Amma ma'auratan da ke Damagaram sai sun fara cinye kusan kilomita 900 kafin su ga filin jirgin, na Maraɗi sama da 600, na Tawa sama da 500. A motar bas, Damagaram zuwa Yamai yini guda ne cur, a kujera matsattsa, da tsayawa kaɗan. Mata da yawa kan rage shan ruwa don gudun neman wurin fitsari a hanya, kuma wannan shi ne abin da bai kamata mai ciki ta yi ba. Wanda ya samu jirgin cikin gida ya huta. Wanda bai samu ba ya raba tafiyar biyu, ko ya isa Yamai da kwana biyu kafin tashi, kuma ya tuna cewa hanyar nan tana jiran su a dawowa, lokacin da cikin ya ƙara girma.

Abin da ake tsoro a dogon zama, a mota ko a jirgi, shi ne gudan jini a jijiyar ƙafa. Ciki kaɗai yana ninka wannan haɗari sau huɗu zuwa biyar, domin jini ya fi saurin daskarewa kuma mahaifa na danne manyan jijiyoyin da ke dawo da jini daga ƙafafu. Zaman da ya wuce awa huɗu na ƙara shi. Maganin ba mai tsada ba ne: kujerar bakin hanya, tashi a taka kowane rabin awa ko awa guda, juya idon sawu, shan ruwa, da safa mai matse ƙafa da ake samu a farmasi. Mai ƙiba sosai ko wadda ta taɓa samun gudan jini, likita na iya rubuta mata allura. Bel ɗin kujera ana ɗaura shi ƙasan ciki, a kan ƙugu. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya kwatsam, ko da kwanaki bayan sauka ne, asibiti ake nufa.

Masu tunanin bakin teku a Kotonu ko Lome ta mota su yi lissafi sau biyu. Yamai zuwa Kotonu ya haura kilomita 1,000, kuma bayan rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 matafiya sun koma tsallaka kogi da jirgin ruwa. Wannan ba hutu ba ne ga mai ciki wata shida.

Sauro, katin rigakafi da zafin rana

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Maroko ta rabu da zazzaɓin cizon sauro a 2010, Aljeriya a 2019, Masar a 2024, Daular Larabawa tun 2007. A Kotonu, Lome da Abijan kuwa ana kamuwa da shi duk shekara, don haka sange da maganin shafawa na shiga akwati. Maganin Fansidar da ake ba masu ciki a wurin awo, sau ɗaya a wata daga mako na 13, a tsara tafiyar yadda ba za a tsallake shi ba.

Akwai wani tarko da ba a cika tunawa ba. Mace na iya barin Maraɗi da ƙwayar cutar a jininta, musamman da damina, zazzaɓin ya tashi bayan ta kwana uku a Agadir ko Istambul. Likitan can yana iya shekara bai ga palu ba, zai fara tunanin mura ko ciwon mafitsara. Aikin maigida ne ya faɗa tun a bakin ƙofa cewa daga Nijar suke, a gwada jini. Masassara ga mai ciki tana kawo ƙarancin jini, ɓari da haihuwar bakwaini, ba a jira a ga ko za ta sauka da kanta. Kuma kada a sayi maganin rigakafi a sha da ka: doksisiklin da primakin an hana su ga mai ciki.

Katin rigakafi mai ruwan ɗorawa shi ma yana iya tsayar da tafiya. Nijar na cikin ƙasashen da ake lissafawa da zazzaɓin shawara, don haka ƙasashe da dama na neman shaidar allurar daga wanda ya fito daga can. Tun Yulin 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, wadda ta yi ta tuntuni tsohon katinta na aiki. Wadda ba ta taɓa yi ba kuwa ta shiga tsaka mai wuya, domin allurar na ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kuma ana guje mata lokacin ciki sai da larura. Likita na iya rubuta takardar uzuri, sai dai ba kowace ƙasa ke karɓa ba. Sayen kati a bayan fage ba ya kare kowa daga cutar.

Zika kuma, cutar da ta sa aka haifi dubban jarirai da ƙaramin kai a Brazil a 2015 da 2016, ta ɓulla a tsibiran Kap-Ber a wancan lokacin, an kuma same ta a Indiya da Tailan. Sauron da ke yaɗa ta da rana yake cizo, babu allurar rigakafinta, kuma miji na iya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Mai ciki ta bar duk inda ake ba da labarin ɓullarta.

Wanda ya gudu daga zafin Yamai na Afrilu da Mayu ya duba inda zai sauka. Dubai daga Yuni zuwa Satumba ta haura digiri 40, ga danshi a kai. Marrakesh ma haka take a Yuli da Agusta. Garuruwan bakin tekun Maroko, irin su Rabat, Agadir da Essawira, sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Masu shirya yawon buɗe ido a Maroko na tallata kwana a tanti cikin rairayin Merzuga, tafiyar awa tara ko goma daga Marrakesh, nesa da babban asibiti. Mutumin Nijar dai ba shi da dalilin biyan kuɗi don ya ga rairayi da raƙumi, ballantana ya ɗora mai ciki a kai. Hawan raƙumi ko doki, babur mai ƙafa huɗu, nutso a teku, duk a bar su. Gidan wankan tururi da ake kira hammam, wanda ke cikin abin da aka fi tallata wa ma'aurata a Maroko, Tunisiya da Turkiyya, yana ɗaga zafin jiki ya saukar da bugun jini har a faɗi. Tausa mara ƙarfi a ɗaki mai sanyi ta wadatar, bayan an sanar da mai tausar cewa akwai ciki.

Wajen abinci, nama ya dahu sosai, kifi ma haka, a bar cukun da aka yi da ɗanyar madara, a bar salak ɗin da ba a san da wane ruwa aka wanke ba. Ruwan kwalba ake sha, ban da ƙanƙara. Mutanen Diffa sun ga abin da ciwon hanta nau'in E, wanda gurɓataccen ruwa ke kawowa, ya yi a 2017, inda masu ciki suka fi yawa a cikin waɗanda suka rasu. Don ciwon kai ko na baya parasetamol ake sha, ban da ibuprofen da diklofenak. Tramadol kuwa, shiga da shi Dubai, Saudiyya ko Masar ba tare da takardar likita ba na iya kai mutum gidan kaso.

Idan Umara ce

Ga ma'aurata da yawa a Maraɗi da Damagaram, fita waje tare na nufin Umara, kuma addu'a a Ka'aba da ciki abin so ne. Amma ibada ce mai aikin ƙafa. Safa da Marwa kaɗai, zuwa bakwai, ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiya daga masauki. Akwai keken turawa da ƙananan motocin lantarki a Harami, kuma malamai sun halatta amfani da su ga mai uzuri. Saudiyya na neman allurar sanƙarau da aka yi aƙalla kwana goma kafin isowa, ita ana iya yi wa mai ciki, da kuma katin shawara ga wanda ya fito daga Nijar. Goman ƙarshe na azumi cunkoson ya kusa na Hajji, turereniya da zafi ba su dace da mai ciki ba. Game da Hajji kansa, hukumomin lafiyar Saudiyya sun sa masu tsohon ciki da masu ciki mai haɗari cikin waɗanda ba su cika sharaɗin lafiya ba.

Idan haihuwa ta zo a can

A ƙarshen 2013 wasu ma'aurata ƴan Kanada sun tafi hutu tsibirin Hawayi na Amurka, matar na da ciki wata shida, da izinin likitanta, da inshorar tafiya a hannu. Kwana biyu da sauka faya ta fashe. Ta yi makonni shida a kwance a asibiti, aka ciro jaririyar da tiyata saura makonni tara, ita ma ta daɗe a kwalba. Kuɗin da asibiti ya nema ya kusa dalar Amurka miliyan ɗaya, wato ɗaruruwan miliyoyin sefa. Kamfanin inshorar ya ƙi biya, ya ce matar na da wata matsala tun kafin tafiyar, kuma wa'adin inshorar ya ƙare tana kwance. Kafofin labarai na duniya sun yi ta yaɗa zancen a 2014.

Kuɗin asibiti a Maroko ko Turkiyya bai kai na Amurka ba, amma yadda abin ke tafiya ɗaya ne. Baƙo asibitin kuɗi ake kai shi, kuma sau da yawa sai an ajiye wani abu kafin a ba da gado. A Nijar doka ta yafe kuɗin tiyatar haihuwa da na awon ciki a asibitocin gwamnati tun tsakiyar shekarun 2000. Babu mai yafe wa ɗan yawon buɗe ido komai. Jaririn da aka haifa a mako na 28 yakan zauna a asibiti har zuwa kusan ranar da aka yi tsammanin haihuwarsa, wata biyu ko fiye. A duk tsawon lokacin ana biyan kwalba, ana biyan otel, tikitin dawowa ya ƙone, wa'adin biza na ƙarewa, aikin maigida na jira a gida.

Shi ya sa inshorar tafiya, wadda ake kira asurans, ta fi zaɓen otel muhimmanci, kuma ita aka fi saye ido rufe. Mai neman bizar Shengen dole ya nuna inshorar Yuro 30,000, sama da sefa miliyan 19 da rabi. Mutane kan saye ta don ofishin jakadanci kawai, ba su karanta ba. Da yawa daga irin waɗannan takardu sun cire duk abin da ya shafi ciki da haihuwa, wasu na biya zuwa wani mako su tsaya, wasu na biyan na uwa ban da na jariri, alhali na jaririn ne mai nauyi. Tambayoyin da za a yi wa mai sayarwa su ne: har zuwa mako na nawa, ko haihuwar bakwaini na ciki, ko kwanciyar jariri na ciki, ko wa'adin na ƙaruwa da kansa idan an kwantar da mutum, ko akwai kuɗin dawo da maras lafiya gida. Amsar a rubuce ake karɓar ta. Ɓoye ciki ko wata tsohuwar matsala lokacin cike takarda shi ke ba kamfani hujjar ƙin biya.

Haka ma wajen kama masauki, a fara neman asibitin da ke da sashen jarirai bakwaini, sannan a nemi otel kusa da shi. Lambar motar asibiti a ajiye ta a wayoyin duka biyu: 112 a Turkiyya da ƙasashen Turai, 190 a Tunisiya, 998 a Dubai, 997 a Saudiyya. Alamomin da ba a kwana da su dai su ne waɗanda ungozoma ke nanatawa a wurin awo: jini, zubar ruwa, ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi, ko raguwar motsin ɗa. A gida uwa ko ƴar'uwa ce ke lura ta ce a tashi a tafi asibiti. A ɗakin otel maigida ne kaɗai, don haka ya kamata ya bi matarsa awon ƙarshe kafin tafiya ya ji da kunnensa. Kunyar cikin fari da al'adar ɓoye ciki na sa wasu su fita ba su gaya wa kowa ba. Aƙalla mutum ɗaya a gida ya san inda suke, da makonnin cikin, da yadda zai tura kuɗi cikin gaggawa.

Masu jin cewa haihuwa a waje riba ce su sani cewa haihuwa a Maroko, Tunisiya, Turkiyya, Dubai, Saudiyya ko Faransa ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa nan take. Amurka kuma tun Janairun 2020 ta umarci jakadunta su hana bizar ziyara ga wadda suka ga haihuwa ce ta kai ta. Abin da jaririn zai samu shi ne takardar asibiti. Da ita ake zuwa hukumar garin a yi masa takardar haihuwa, sannan a je ofishin jakadancin Nijar a nemi takardar da zai yi tafiya da ita, domin ba ya cikin fasfon kowa. A nan ake tambayar takardar aure, wadda ma'aurata da yawa da aka ɗaura wa aure a masallaci ba su taɓa karɓa a ofishin magajin gari ba. A ƙasashen Larabawa rashinta na iya tsayar da rajistar jaririn. Ko komai ya tafi daidai, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar jariri sai ya yi mako guda, uwar da aka yi wa tiyata kuma sai ta yi kwana goma ko fiye, kuma likitan can ne zai sa hannu a kan ranar da za su hau jirgi.